Gishirin Teku da Kayan Nutso na Hannu

Wanda ya je sayen kayan nutso na hannu a wani garin bakin teku, Marseille ne ko Hurghada ko wata tasha a Florida, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne farin ɓawon da ya daskare a haƙoran noti, da tsanwar da ta fito a mahaɗar ƙarfe, da zif ɗin riga da ya ƙi motsi. Mai kaya zai ce gishiri ne kawai, a jiƙa a ruwa zai fita. Rabin zancensa gaskiya ne, ragowar rabin kuwa rai yake jefawa cikin haɗari. Kusan shekara 200 ke nan ɗan'adam yana shiga ƙarƙashin teku da iskar shaƙa, kuma a tsawon wannan lokaci duk ci gaban da aka samu a kayan aikin ya kwashe ɓarnar gishiri daga inda ido ke gani ya kai ta inda ido ba ya kaiwa, ya kuma sauke nauyin kula da kayan daga kan jama'a ya ɗora wa mutum ɗaya. A kasuwar kayan hannu ne waɗannan sauye-sauye biyu suke haɗuwa, domin a can mutum ke sayen na'urar da zai damƙa wa numfashinsa alhali bai san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba. Cire gishiri wajibi ne, amma a wurina farkon bincike ne, kuma wanda ya ɗauka daga nan gyara ya ƙare bai san abin da ya saya ba.

Sai an san abin da ake kira gishirin kafin a gane ta'asarsa. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na narkakken gishiri, a Bahar Maliya kuwa ya kusa 40, saboda zafin rana da ƙarancin ruwan sama da rashin babban kogin da ke zuba a cikinta. Mafi yawansa irin na miya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. A 1849 wani masanin sinadarai mai suna Usiglio ya ɗebo ruwan Bahar Rum ya bar shi yana ƙafewa a hankali, yana lura da abin da ke kwantawa. Dangin alli ne suka fara fita, sai wanda ake yin filasta da shi, sannan gishirin miya bayan kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ya tafi, daga ƙarshe sai gishirin magnesiyam mai ɗaci. Wannan jerin ne ke faruwa a cikin kowane ɗigon ruwa da ya maƙale a lungun na'ura. Na miyar yana sake narkewa da ya ga ruwa. Allin sai da tsami, kamar dai farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi a garin da ruwan burtsatsensa ke da nauyi. Na magnesiyam shi ne mugun, domin yana zuƙo laima daga iska ko da ba ta da danshi sosai, ta yadda kayan da aka rataye ana zaton sun bushe sukan yi wata da watanni lulluɓe da siririn ruwan da ya fi na teku ƙarfin gishiri.

Masu jiragen ruwa sun riga masu nutso cin karo da wannan matsala. A 1761 rundunar sojan ruwan Ingila ta lulluɓe ƙasan wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don tsutsar teku ta daina cin katakonsa. Da ya dawo daga yankin Karibiyan aka duba shi a 1763, sai aka tarar katakon lafiya lau, amma ƙusoshin baƙin ƙarfen da suka riƙe fallayen sun cinye, ban da waɗanda takardar naɗi ta shiga tsakaninsu da jan ƙarfen. Daga baya ne dalilin ya bayyana: ƙarfe iri biyu da suka taɓa juna cikin ruwan gishiri batir ne, wuta na gudana tsakaninsu, ɗaya yana cinyewa ɗaya yana tsira. A 1824 Humphry Davy ya mai da wannan ilimi magani, ya manna guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirgi don su cinye a madadinsa. Mai sayen kayan hannu a yau, idan ya ga bawul ɗin tagulla ya kafe a wuyan tukunyar iska ta alminiyam ya ƙi kwancewa, ciwon jirgin Alarm ne yake kallo.

A wannan zamani na jan ƙarfe ne aka ƙera kayan nutso na farko masu amfani. Wa da ƙane, Charles da John Deane, sun fara da kwalkwalin shiga hayaƙin gobara da aka yi wa rajista a 1823, kafin su mai da shi na shiga ruwa. Augustus Siebe, Bajamushen maƙeri mazaunin Landan, shi ne ya fito da kwalkwalin da ake ɗaurewa da noti a jikin rigar da ruwa ba ya shiga, kuma a 1840 sojojin Kanar Charles Pasley suka yi aiki da shi wajen kwashe ɓaraguzan jirgin Royal George da ya nutse a Spithead tun 1782. Kwalkwalin na jan ƙarfe ne da aka shafe da kuza, noti da bawul na tagulla, rigar roba ce tsakanin yadi biyu masu kauri, takalma da nauyin ƙirji na darma. Sashen da ya fi kowanne sarƙaƙiya, wato famfon da ke tura iska, ba ya shiga ruwa ko kaɗan, yana kan jirgi. Abin da ke shiga teku manyan sassa ne masu kauri, in tsanwa ta kama su kowa zai gani a goge. Kuma mai nutso ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu juya famfo, akwai mai riƙe igiya da tiyo, wanda shi ke sa masa kaya ya cire masa, ya ɗauraye rigar ya shanya, ya duba bawul ɗin da ke hana iska komawa baya kafin a shiga ruwa. Kayan na kamfani ne ko na runduna, in sun lalace akwai wanda za a tuhuma. Tsarin ya daɗe, don kwalkwalin Mark V ya yi wa sojan ruwan Amurka aiki daga 1916 har 1984. Ba na cewa zamanin ya fi aminci. Masu nutson soso na tsibiran Symi da Kalymnos a Girka, waɗanda suka rungumi kwalkwalin tun shekarun 1860, sun mutu da yawa, da yawa kuma jikinsu ya shanye, saboda zurfi da saurin tasowa. Amma gishiri a lokacin bai da wurin ɓuya.

Ya sami maɓoya ne ranar da aka ɗora na'urar daidaita iska a bayan mai nutso. Faransawa biyu, Benoît Rouquayrol da Auguste Denayrouze, sun yi hakan tun 1864, sai dai tukwanen zamaninsu ba sa riƙe iska mai yawa, don haka mai nutso bai rabu da tiyon jirgi ba sai na ɗan taƙi. Cikakken sauyin ya zo a 1943 ta hannun Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan, injiniyan kamfanin Air Liquide, wanda ya riga ya ƙera ƙaramin bawul don motoci su yi tafiya da gas saboda ƙarancin fetur a lokacin yaƙi. Sun gwada na'urar a kogin Marne a watan Janairu, sannan a teku a Bandol a watan Yuni, a 1946 kuma ta shiga kasuwa da sunan CG45, wadda daga baya aka fi sani da Aqua-Lung. Aikinta shi ne ta karɓi iskar da aka danne a tukunya, wadda a kayan yau matsinta ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, ta sassauta ta, ta miƙa wa mai nutso daidai lokacin da ya ja numfashi. Duk wannan ya rataya ne a kan ƙananan abubuwa: sifirin, da fallen roba mai laushi, da wani siririn baki na ƙarfe da ke zama kan roba ya toshe iska. Ƙwayar gishiri ɗaya ko ɗan ramin da ya ci wannan baki ya isa ya sa iska ta riƙa zuba ba tsayawa. Kuma duka suna cikin gwangwanin tagulla da aka shafe da kurom, wanda ke sheƙi daga waje komai lalacewar cikinsa.

Wasan nutso na zamani ma a kan kayan gwanjo ya tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Aqua-Lung tana da tsada da wuyar samu, shagunan rarar kayan soja kuwa cike suke da tukwanen oksijin na jiragen sama da bawul-bawul ɗinsu. A 1953 mujallar Popular Science ta Amurka ta buga bayanin yadda mutum zai haɗa tasa na'urar daga irin waɗannan kaya, a Ingila kuma matasa sun riƙa sarrafa kan tukunyar gas ɗin girki na kamfanin Calor suna shiga teku da shi. Kayan da aka ƙera don busasshiyar iskar sararin sama ko don kicin ba a shirya su don gishiri ba. Mai su kuma ba shi da mai riƙe masa igiya. Shi ne mai nutso, shi ne makaniki, shi ne kuma mai wanki bayan ya fito da yamma a gajiye yana rawar ɗari.

Daga nan duk ƙarin da aka yi wa kayan ya ƙara wa gishiri ƙofa. A farkon shekarun 1950 Ted Eldred a birnin Melbourne na Ostireliya ya fito da Porpoise, na'ura mai tiyo ɗaya da ta raba aikin gida biyu, mataki na farko a kan tukunya, na biyu a bakin mai nutso. Irin wannan ƙira ce ta mamaye duniya, amma mataki na biyun yana cika da ruwan teku duk lokacin da ya fita daga baki. Agogon da ke nuna ragowar iska ya zo da ɗan bututu mai juyawa da zobban roba ƙanana ƙwarai, waɗanda gishiri ke saurin kashewa. A 1961 Maurice Fenzy ya kawo rigar wuya mai hurawa, kakar rigar da ake daidaita nauyi da ita a ruwa yau. Ruwa yana shiga jakarta in an saki iska, ya bushe ya bar ƙwayoyi masu kaifi da ke goge ta daga ciki. Maɓallin hura ta kuma in ya maƙale a buɗe sai ya cika rigar ya cilla mutum sama da gudu, wanda yana cikin mafi munin abin da ka iya samun mai nutso.

Ɗauraye kaya da ruwan daɗi ya zama ƙa'idar da ake koyarwa ne a daidai lokacin da mutum ɗaya ya gaji aikin ayari guda. Ƙungiyoyin horaswa sun biyo juna, BSAC a Ingila a 1953, shirin gundumar Los Angeles a 1954, NAUI a 1960, PADI a 1966, kula da kaya kuma ya shiga darasin ɗalibi tun matakin farko. Ƙa'idojin kaɗan ne, kowace da dalilinta a ginin na'urar. Ana jiƙa kaya tun ba su bushe ba, don gishirin da bai daskare ba saurin fita yake yi. Ana busar da murfin ƙura a rufe bakin mataki na farko kafin a tsoma shi, ba a kuma danna maɓallin sakin iska in babu matsi a ciki, domin hakan yana buɗe wa ruwa hanya ya bi tiyo ya shige. Ana zuba ruwa cikin jakar riga a jijjiga a zubar, tukunya kuma ba a ƙarar da iskarta ƙarƙaf. A wuraren nutso na Bahar Maliya irin su Dahab da Sharm el-Sheikh, inda ruwan daɗin ma daga teku ake tace shi da tsada, cibiyoyi suna ajiye kwamin ɗauraye kaya, kuma 'yan sana'ar sun san kwamin da aka yini ana tsoma kaya ba a canza ruwansa ba shi ma ya cika da gishiri. Sai dai al'ada ba ta barin takardar shaida. Wanda ya kiyaye ta shekara goma da wanda ya yi watsi da ita duk suna iya kawo na'urarsu kasuwa a goge tas.

Shi ya sa nake ganin mai gaggawar wanke gishiri yana share shaida tun bai karanta ta ba. A bakin mataki na farko akwai ɗan mataci na tagulla, kuma masu gyara sun daɗe suna karanta launinsa: tsanwa alamar ruwan teku ya shiga ciki, ja-ja alamar tukunyar ƙarfe mai tsatsa, fari ko toka-toka alamar tukunyar alminiyam da ke ci, baƙi kuma gawayin matacin injin cika iska ne. Sai an duba wannan sannan a zo ga wanki. Ruwan ɗumi da haƙuri, a jiƙa na sa'o'i ana canzawa, yana fitar da gishirin miya da na magnesiyam daga riga da zif da tiyo da tabarau, kuma ga yawancin waɗannan aikin ya ƙare ke nan, sai a shafa wa zif kakinsa. Ɓawon alli da tsanwa kuwa sai tsami. Masu gyara suna wargaza na'urar ɗaiɗai, su ware roba gefe, su tsoma sassan ƙarfe cikin ruwan kal da aka sirka ko ruwan da aka haɗa don aikin, galibi a kwanon da ke kaɗa datti da sautin da kunne ba ya ji, na 'yan mintoci kawai, sannan a kashe tsamin da ruwan soda, a ɗauraye, a busar. Ana taƙaita lokacin ne saboda tsami in ya sami inda kurom ya tsage sai ya bi ta ƙarƙashi ya ɗaga shi. Bayan waɗannan akwai ɓarnar da babu ruwan da ke gyarawa. Tagullar da ake ƙera na'urar da ita haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, ruwan gishiri kuma yana iya zare tutiyar ya bar ƙarfen ja-ja, ɓuli-ɓuli, marar ƙwari. Ramin da ya ci bakin bawul ko bangon da fistin ke gogawa yana nan bayan wanki, ya ma fi fitowa. Wani lokaci ɓawon ne ke toshe shi, har na'urar da ba ta yoyo kafin wanki ta fara yoyo bayansa, kuma gara ta fara a kan teburin gyara da ta fara a ƙarƙashin ruwa.

Tukunya ta fi komai nuna iyakar wanki daga waje. Iskar da aka danne ninki 200 tana ɗauke da oksijin ninki 200, don haka ɗan ruwan gishirin da ya shiga tukunyar baƙin ƙarfe yana cin bangonta da saurin da ba a saba gani a sarari ba, kuma wuri ɗaya yake taruwa ya haƙa, a gindi in tana tsaye, a tsawon gefe in tana kwance. Yana shiga ne in an bar ta wayam bawul a buɗe, ko an cika ta da jiƙaƙƙen baki. Daga waje kuma yana laɓewa ƙarƙashin takalmin robar da ake sa wa gindinta. Dalilin ke nan da sana'ar ta ɗora wa kanta cire bawul a leƙa ciki da fitila kowace shekara, dokar Amurka kuma ta wajabta gwajin matsi da ruwa duk shekara 5, ana buga kwanan watan a kafaɗar tukunya. Tukwanen alminiyam sun rage tsatsa amma sun zo da nasu. Waɗanda kamfanin Luxfer ya ƙera a Amurka daga 1972 zuwa 1988 da haɗin da ake kira 6351 an gano suna iya tsagewa a wuya sannu a hankali. Wannan ba laifin gishiri ba ne, amma har yanzu suna yawo a kasuwar hannu, kuma lambobin kafaɗa da gwajin wuya ne kawai ke tona su.

Wani zai ce duk wannan ya wuce, kayan yau sun fi ƙarfin gishiri. Da gaskiyarsa ta wani gefen. Roba mai tauri ta maye gurbin tagulla a mataki na biyu, akwai matakin farko da aka toshe ruwa ba ya taɓa sifirinsa, tun shekarun 1990 kuma ana sayar da na'urorin taitaniyom waɗanda ruwan teku ba ya ci. Amma ƙarfen da ake kira marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913, kariyarsa wani siririn lulluɓi ne da ke buƙatar oksijin don ya sabunta kansa, kuma a matsattsen lungun da ruwan gishiri ya kwanta lulluɓin yakan karye rami ya fara. Taitaniyom ko bai ci ba, gishiri yana daskarewa a kansa ya yanki zoben roba, ya riƙe maɓalli. Balle abin da ya fi yawa a kasuwar hannu tagulla ce mai kurom, wasu ma daga cibiyoyin haya suka fito, inda suka yi ta nutso kullum a bakin baƙin da ba nasu ba ne.

Akwai masu sukar da ta fi wannan nauyi, waɗanda ke cewa sabis ɗin shekara-shekara hanyar cin kuɗi ce da kamfanoni da dillalansu suka shimfiɗa, mai hankali da kwalbar ruwan kal zai iya yi wa kansa. Na yarda da wani ɓangaren zargin. Kamfanoni da yawa ba sa sayar da kayan gyara sai ga dillalansu, wasu kuma da kansu sun tsawaita wa'adin zuwa shekara 2 ko fiye. Akwai ma masu sha'awar tsofaffin kaya da har yau suke nutso da na'urori masu tiyo biyu na shekarun 1950 da 1960, suna kuma fitowa lafiya. Sai dai in aka duba yadda suke yi, hujjar takan juyo ta goyi bayan abin da nake faɗa. Waɗannan mutane suna wargaza na'urar gaba ɗaya ne, su canza duk wata roba, su duba bakin bawul da madubin ƙara girma, su ɗaura agogo su ga ko matsin da ke tsakanin matakan biyu, wanda a yawancin na'urorin yau yake wajen ninki 9 zuwa 10 na iskar da muke shaƙa, ya tsaya cak ko yana hawa a hankali. Sun ɗauki aikin mai riƙe igiyar da aka rasa ne suka yi da hannunsu. Gardamar wa'adi ta wanda ya sayi kayansa sababbi ce, wanda ya san tarihinsu. Mai sayen na hannu ba ya cikinta, domin bai san ko wata shida ko shekara shida ke nan rabon da a buɗe na'urar ba. Kuɗin buɗewar farko yana cikin farashi, a lissafa shi tun wurin ciniki, in kuma an haɗa ya kamo kuɗin sabuwa, to araha ba ta yi ado ba.

Sukar da ta fi ciwo ita ce cewa wannan duk zancen masu nutso don nishaɗi ne, alhali tsofaffin kaya sukan ƙare a hannun talakan da ke nutso don ya ci abinci, wanda ba shi da makaniki, wani lokaci ko ruwan daɗin da zai ɓatar a kan ƙarfe ba shi da shi. Haka ne, kuma misalin da ya fi fitowa fili yana gaɓar Moskitiya ta Honduras da Nicaragua, inda 'yan ƙabilar Miskito suka shafe shekaru da dama suna nutso don kamo lobsta, babban jatan landen tekun nan da ake fitarwa Amurka. Suna tafiyar kwanaki a jiragen kamfani, suna ƙarar da tukunya bayan tukunya a yini, da tsofaffin kayan da ba a kula da su, sau da yawa ba agogon zurfi ba agogon iska, sai mutum ya ji numfashi ya yi tauri sannan ya san iskarsa ta ƙare, ya taso da gudu. Da yawa sun rasu, da yawa sun naƙasa. Babban sanadin zurfi ne da yawan nutso da saurin tasowa, ba zan ɗora wa gishiri abin da ba nasa ba, amma na'urar da ta toshe ko ta zubar da iskarta a zurfin mita 30 wannan saurin tasowar take tilastawa. Abin da sukar ta fallasa shi ne zaluncin ɗora wa mai nutso nauyin kayan da ba shi ya saya ba, ba shi ke ajiyewa ba, ba shi kuma da ikon ƙin sawa in yana son a biya shi. Mai jirgi ne ke da injin cika iska, da tankin ruwan daɗi, da halin tura na'urori gyara tsakanin tafiya da tafiya. A ranar 31 ga Agusta 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasashen Nahiyar Amurka ta yanke hukunci a shari'ar 'yan Miskito 42 da iyalansu a kan Honduras, inda gwamnatin ta amsa laifinta. Kotun ta ce wajibi ne hukuma ta kafa ƙa'ida ta kuma sa ido kan kamfanonin da ke gudanar da aiki mai haɗari irin wannan, su ma kamfanonin suna da alhakin kiyaye haƙƙin ma'aikatansu. A ganina duba tukwane da na'urorin da ake miƙa wa mutum kafin jirgi ya bar tasha yana cikin abin da sa idon ke nufi, kuma aiki ne da jami'i ɗaya da fitila da agogon matsi zai iya farawa a bakin ruwa a La Ceiba ko Puerto Lempira.